Baƙon Bazara

Ran kasuwar Gujungu na dawo
da ƙullin kanwa da igiyar akuya,
na tarar da Haladu kwance a gindin rumbu,
yaron da ko tsawa ba ta zaunar da shi.
Ya ture tuwo. Mangwaro ma ya kau da kai.
Jikinsa rau, kamar tukunyar da aka sauke yanzu.

Da asuba na ɗaga rigarsa.
Jajayen ɗigo a gadon baya, uku a ƙirji,
ɗaya ya ɓuya a bayan kunne.
Kafin azahar sun ɗuri ruwa,
kowanne ya zauna kamar raɓa a ganyen rama.

Iya Gambo ta leƙo ta kan danga:
"Ƙyanda ce, ku rufe shi a ɗaki!"
Na duba idonsa, fari tas, babu ja babu kwantsa,
ba tari, ba majina,
kuma ƙyanda ba ta ɗurar ruwa.
Na shafa tabon da ke tsakanin girata,
wanda na sosa da hannuna tun ina kiwon tumaki.
Na ce, Iya, baƙon nan na san shi.
Ƙarambau ne.

Malam Isyaku na ɗakin shan magani ya duba, ya gyaɗa kai.
Bai fara da yaron ba, sai ya tambayi uwarsa:
"Marka wata nawa ne cikinta? Ta taɓa yi?"
Ba ta sani ba. Mai tuna mata ta rasu.
Ya ce ta je babban asibiti yau a duba ta,
daga can ta wuce gidan yayarta a Majiya.
Ta tafi tana waiwaye, ɗankwali a baki.

Haka jinya ta faɗo hannun mai riƙe fartanya.

Na yanke masa farce ƙumba bayan ƙumba.
Na surka ruwa, ba zafi ba sanyi,
na jefa ganyen darbejiya kamar yadda aka yi mini,
na zuba a hankali, ban cuɗa ba.
Na ɗiga masa farin kalamin da auduga
har ya koma kamar ɗan zabo.
Ya ga kansa a ruwan randa, ya yi dariyar farko.

Farasitamol ɗin yara, daidai awon da aka gwada mini.
Asfirin kuwa, Malam ya ce ko kyauta ce in mayar.
Kunun tsamiya ya ƙi, bakinsa da gyambo,
sai koko mai sanyi, sai ruwa, kurɓi kaɗan kaɗan.
Na sa masa tsohuwar taguwata, ya nutse a ciki.

Dare ne abin tsoro.
Ƙaiƙayi ba ya barci.
Na riƙe hannuwansa biyu a tafina,
ina fifita da ɗaya gefen tabarma,
ina sauraron numfashinsa kamar mai gadin gona.
An ce in ya yi sama-sama, ko wuya ya sanƙare,
ko ƙurji ya kumbura da mugunya, ko barci ya ƙi sakinsa,
kada in jira zakara.
Babur ɗin Ɗan'azumi na ƙofar gida da mai a ciki.

Wasu na bushewa, wasu na fitowa,
kamar geron da aka shuka ba rana ɗaya ba.
Abokansa na kiransa daga nesa, na kora su.
Ran bakwai na duba har cikin gashi:
duk sun yi ɓawo, ba sabo ko guda.

Ran goma Marka ta sauko daga babur,
lafiya lau, cikinta a gaba.
Ta juya shi, ta ƙirga, ta ɗaga haɓarsa.
Tabo ɗaya tak, tsakanin gira.
Ta dube ni, ta dube shi.
Na ce, daren Laraba ne. Barci ya sace ni.